Uban Da Ya Yafe Jinin Ɗansa A Lambara

Malam Mainasara Abubakar yana da shekara sittin da uku. Manomin albasa ne a Lambara, cikin ƙaramar hukumar Shagari, kuma ya fi shekara ashirin yana cikin dattawan da maigari ke aika wa idan za a yi sulhu. Bai yi boko ba. Ya yi karatun allo, ya ɗan taɓa littattafai a zauren limamin garin, daga nan fadama ta ɗauke shi ba ta sake shi ba.

Matarsa Jamilatu 'yar Bodinga ce. Maza biyu suka rayu a cikin 'ya'yansu, Muhammad Sani da ƙanensa Abubakar Siddiƙ, wanda kowa ke kira Siddi. Na ukun mazan gidan shi ne Yahaya, ɗan ƙanwar Mainasara, wadda ta rasu ta bar shi a goye. Jamilatu ce ta haɗa shi da Siddi ta shayar da su. Kwano ɗaya suka ci, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma ba a taɓa jin wani a gidan ya ce wannan ɗa ne wancan ɗan riƙo ba. Sani ya yi makaranta har ya samu aikin gwamnati, ya zauna a Bodinga da iyalinsa. Sauran biyun suka bi Mainasara fadama.

Mutanen Lambara sun san yadda Mainasara ke sulhu, domin hanya ɗaya gare shi ba ya canza ta. Ba ya barin a fara zancen biya ko na haƙuri sai wanda ya yi laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, gaban jama'a, ba tare da ya rage ko ya kawo dalili ba. In makiyayi ne ya bar shanu suka shiga gero, sai ya ce shi ya bar su. In manomi ne ya sari saniya, sai ya ce shi ya sare ta, ya faɗi da me. Bayan nan Mainasara kan juya ga wanda aka yi wa laifin ya tambaye shi abin da yake so. A ganinsa, mutumin da ya ji an amsa laifi a gabansa rabin fushinsa ya riga ya tafi. Sau da yawa kuwa haka ake gani.

Da aka dawo da shari'ar Musulunci a jihar, farkon shekarun dubu biyu, yana cikin waɗanda suka yi murna. Ba zancen yankan hannu da mutane ke ta yi ba ne ya ja shi. Abin da ya kwanta masa a rai shi ne, a sha'anin jini da rauni, mai haƙƙi ne ke da magana ta ƙarshe, ko ya nemi kisasi, ko ya karɓi diyya, ko ya yafe. Ya ga kamar zauren maigari ne aka ba hatimi. Kotun boko kuwa daga nesa ya san ta, wurin da ake sa baƙar riga ana Turanci.

Abin ya faru ne a ranin shekara shida da suka wuce. Injin ban ruwa ɗaya gare su, ruwan rijiyar fadama ya ja baya, albasa tana ƙishi. Siddi ya janye tiyo daga fangalin Yahaya kafin ya cika. Suka yi cacar baki, suka kama kokawa, Yahaya ya rarumi fartanya ya maka masa ƙotar a ƙeya. Sau ɗaya ne. Siddi ya tashi da ƙafarsa, har ya kai bakin hanya, ya ce kansa na juyawa. Aka sa shi a mota za a kai shi Sakkwato, aka yi wa Sani waya ya tare su a hanya. Daidai Bodinga rai ya yi halinsa.

Yahaya bai tsaya jana'iza ba. Ya gudu garin Horo Birni ya ɓuya a gidan wani abokinsa, kuma daga can babu abin da zai hana shi yin nisa. Bayan sadakar uku Mainasara ya aika masa da saƙo na baki: ya dawo, kawunsa ne ke kira, babu mai taɓa shi. Yahaya ya dawo.

Aka zauna a zauren maigari da hantsi, liman yana nan, dattawa suna nan, Sani yana gefen ubansa. Mainasara bai sassauta ba don abin a gidansa ya faɗa. Ya sa Yahaya ya tsuguna ya faɗi komai, daga tiyo har zuwa ƙota. Yahaya ya faɗa yana kuka, bai rage ba. Sai maigari ya juya ya yi wa Mainasara tambayar da shi ya saba yi wa wasu.

"Ranka shi daɗe, na yafe," in ji Mainasara. "Ban son kisasi, ban son diyya. Na binne ɗaya, ba ni binne na biyu."

Liman ya yi bayani. Ya ce tunda mamacin bai bar ɗa namiji ba, uba ne waliyyin jini, kuma in ya yafe kisasi ya faɗi. Abin da ya rage na alƙali ne, bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, kamar yadda malaman Malikiyya suka tafi a kai. Maigari ya ƙara da cewa rai ne ya salwanta, ba a ɓoye wa hukuma irin wannan. Da aka tambayi Sani ko yana da ta cewa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da Baba yac ce shi na."

Mainasara ya lissafa a ransa. Shekara guda, albasa ɗaya ke nan za a cire babu Yahaya. Shi da kansa ya goya shi a babur ya kai shi wurin 'yan sanda. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka faɗa musu yadda kaf faɗa zaure. Kar ka rage komi." Yahaya ya yi yadda aka ce, aka rubuta, ya dangwala yatsa. Da suka dawo gida Mainasara ya ɗora wa Sani bin maganar, tunda shi ya san ofis, ya san wanda ake gani da wanda ake jira.

Ba a kai Yahaya gaban alƙali ba. Gaban majistare aka kai shi, shi kuma ya ce shari'ar kisa ta fi ƙarfin kotunsa, ya tura shi gidan yari ya jira shawarar lauyoyin gwamnati. Albasa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Duk lokacin da Sani ya zo Lambara gaisuwa, tambayar uban ɗaya ce.

"Yaushe za a kai mu ga alƙali in faɗi yafiyata?"

"Baba, ba haka aka yi ba. Abin yana da layi. Ku bar min."

Mainasara ya bar masa. Duk wata yakan hau mota ya wuce ta Bodinga ya je gidan yari ziyara, da ƙullin garin kwaki da ƙuli. Yahaya ya rame, amma bakinsa bai mutu ba. Wata rana ya nuna masa wani saurayi ɗan fursuna ta cikin ragar waya.

"Kawu, ka ga wancan? Su biyu sunka saci akuya. Abokin nasa anka kai shi ga alƙali, ran nan anka tsula mishi bulala yat tafi gida. Shi anka kawo ta wannan hanya, yana nan yana jira. An ce akuyar ma ta haihu, shi ba a kira shi ba."

Mainasara ya yi dariya don Yahaya ya ga ya yi. A mota kuwa ya rasa abin da zai gaya wa zuciyarsa.

A shekara ta uku aka tura shari'ar babbar kotu, aka ba Yahaya lauyar da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Sunanta Barista Bahijja, sa'ar 'ya'yan Mainasara ce, kuma ba ta da al'adar zagaye magana. Ta zaunar da shi a benci ta ce laifin da ake tuhumar Yahaya da shi hukuncinsa kisa ne.

"Ɗiyata, ai na yafe. Gaban maigari, gaban liman."

"Baba, a wannan kotu ba kai ke ƙara ba. Jiha ce ke ƙara."

"Jiha ta haifi Siddi?"

"Ba ta haife shi ba. Amma a dokar da za a yi aiki da ita, wanda ya kashe mutum jama'a duka ya yi wa laifi, ba gidan mamaci kaɗai ba. Yafiyarka za a saurare ta, amma sai a ƙarshe, in an zo yanke yawan shekaru. Ba ta rufe shari'a." Ta ƙara da cewa, "Da ma bai yi wa 'yan sanda dogon bayanin nan ba kafin ya ga lauya. Shi ne babbar hujjar da ke kansa yanzu."

"To ƙarya za shi yi?"

"Shiru zai yi, Baba. Doka ta ba shi wannan."

Mainasara bai gaya mata cewa shi ya hana shi shirun ba. Kafin su rabu ta ce akwai shaida daga gidansu da masu ƙara za su kira. Ta ɗauka ya sani. Shi kuma ya ɗauka shi ake nufi, cewa ranar da ya yi shekaru yana jira ce ta zo. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa ta Juma'a, aka buga ta.

Ranar zaman ya sami wuri a benci na biyu. Aka shigo da Yahaya. Lauyan gwamnati ya tashi ya kira shaidarsa, magatakarda ya maimaita sunan da ƙarfi: Muhammad Sani Mainasara. Mainasara ya waiwaya yana neman mai irin sunan ɗansa. Sani ne ya taso daga bencin baya. Bai dubi inda uban yake ba. Ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwa, ya zaɓi ya yi magana da Hausa, tafinta na juya wa kotu, saboda haka babu kalmar da ta wuce Mainasara.

Sani ya ce mako guda kafin abin ya faru ya zo gida, ya ji da kunnensa Yahaya na ce wa Siddi wata rana sai ya fasa masa kai a kan injin nan. Mainasara ya san maganar. Tun suna yara suke faɗa wa juna ita, a kan ƙwallo, a kan tsoka a miya, sannan su kwana ɗaki ɗaya. Amma a nan an ɗauke ta an ajiye ita kaɗai, tafinta ya mai da ita Turanci, mai shari'a ya rubuta.

Da Barista Bahijja ta tashi yi masa tambayoyi, sauran ya fito. Ta tambaye shi yaushe ya fara zuwa wurin 'yan sanda. Ya ce washegarin jana'iza. Ta ce kafin zaman zauren maigari ke nan. Ya ce kafin nan ne. Ta tambaye shi ko shi ne ya shigar da ƙorafi da sunan gidansu, ya kuma nuna ba ya son a kai maganar kotun alƙali. Ya ce shi ne.

Mainasara ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na uban yaron." Ɗan sandan kotu ya matso ya ce masa ya zauna, ba a kira shi ba. Ya zauna.

A waje, gindin wata bishiyar dogon yaro inda masu babura ke fakewa, ya tare ɗansa.

"Sani."

"Na'am, Baba."

"Ran da munka zauna zaure, ka riga ka je?"

"Na riga na je."

"Kuma kac ce abin da Baba yac ce shi na."

"Mi zan ce gaban maigari? Liman ya gama magana, uba na waliyyi. Na tambayi malamai biyu tun ran jana'iza, duk sunka ce wan mamaci ba shi da baki in uba na raye. Sai nan nemi inda bakina ke da amfani."

"Shi ma Yahaya ƙanenka na."

"Ni nac ciro Siddi daga mota a Bodinga, Baba. Ku kuna baya bisa babur, ba ku ga yadda yak ƙare ba. Bulala ɗari da shekara guda? Wanda yas saci injin ban ruwa yana fin haka daɗewa."

"Da ka faɗa min a fuskata."

"Da kun hana ni. Da kuma ba ku aika mishi Horo Birni ba."

Wannan ce ta fi shigar Mainasara. Sannan ya tambaya, "Innarka ta sani?"

Sani ya kau da kai. "Ku tambaye ta."

Bai tambaye ta ba. Ya koma Lambara, ya cire farar rigar ya rataye, ya shiga fadama. Jamilatu ce da kanta ta ta da maganar bayan kwanaki, tana ajiye masa fura.

"Na san Sani ya je, Malam. Ban aike shi ba, ban kuwa hana shi ba."

"Kina kallona duk wata ina hawa mota."

"Ni nash shayar da su duka biyu. Ran da kat tafi zaure ka yafe, ba ka leƙo ɗakina ba."

"Da na leƙo fa?"

"Wataƙila da na yafe. Ban sani ba. Ba a tambaye ni ba balle in sani."

Shari'ar ta ƙara cin wasu watanni. A ƙarshe mai shari'a ya ce bai gamsu cewa Yahaya ya shirya kisan ba, faɗa ne ya tashi nan take, don haka ba za a yanke masa kisa ba. Sai a lokacin aka kira Mainasara. Ya tsaya ya faɗi abin da ya faɗa a zaure, kusan kalma da kalma. Mai shari'a ya saurare shi da girmamawa, ya ce kotu ta yi la'akari da yafiyar uba. Ya yanke wa Yahaya shekara goma sha huɗu, har da waɗanda ya yi yana jira.

Tun daga nan Mainasara bai sake zama sulhu ba. In maigari ya aiko, sai ya ce a gaishe shi, ƙafa ce ke damunsa. Ƙafarsa lafiya lau, mutane na ganinsa a fadama tun da safe. Wani dattijo da suka yi shekaru suna zama tare ya taɓa matsa masa, sai Mainasara ya ce masa shi ba zai iya sake duban ɗan mutane ya ce masa ya faɗi komai babu mai taɓa shi ba. Gonar kuwa ya rage ta. Fangalin da yaran biyu ke nomawa ya ba maƙwabci aro.

Waɗanda suka san shi sun ce ba son hukuncin da Sani ya yi ne ke cinsa ba, domin ya sha ganin wanda ya ƙi yafewa a zaure, bai taɓa ganin laifinsa ba. Abin da ke cinsa shi ne shekara biyu da aka yi ana ce masa ya bar wa Sani, da kuma cewa da bakinsa aka fito da Yahaya daga inda ya ɓuya, da babur ɗinsa aka kai shi. Bai tsine wa Sani ba, bai hana shi shiga gida ba. In ya zo gaisuwar Sallah yakan amsa, ya tambayi yara, ya tashi. Da Jamilatu suna zaune lafiya, tana ma ƙulla masa garin da zai kai gidan yari, amma ba ta taɓa cewa a gaishe da Yahaya ba, shi ma bai taɓa cewa Yahaya na gaishe ta ba, ko da yake Yahayan yana aiko mata da gaisuwa. Motar da ke kai shi ziyara tana tsayawa a Bodinga ta ɗauki fasinja, shi ba ya sauka.

A watan jiya Barista Bahijja ta kira shi. Ta ce ƙofa ɗaya ta rage da take ganin za a iya ƙwanƙwasawa, wato kwamitin da ke ba gwamna shawara a kan yi wa fursunoni afuwa. Ba ta yi masa alkawari ba. Ta dai ce roƙon zai fi nauyi idan wan mamacin, wanda ya tsaya shaida, ya sa baki a ciki.

Ranar Alhamis da ta wuce Mainasara ya sauka a Bodinga. Ya yi sallama a ƙofar gidan Sani, ya ƙi shiga. Aka shimfiɗa masa tabarma a waje, matar Sani ta aiko da ruwa. Sani ya fito ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce don Allah su shiga ciki, mutane na kallo.

"Nan ya isa. Ba a matsayin uba naz zo ba, roƙo naz zo yi, kamar yadda kowa ka yi."

Ya faɗi abin da lauyar ta ce, bai ƙara ba. Ya ce Yahaya ya yi shekara shida, wanda shi a lissafinsa ya ninka abin da liman ya faɗa sau shida. Ya ce shi yanzu ba ya ganin zai kai wasu takwas.

Sani ya ɗago ya dube shi.

"Baba, kotu ta ba shi sha huɗu. Ban ƙara mishi ko ɗaya ba. Ba ni kuwa rage mishi ko ɗaya."

"Ka gama?"

"Na gama. Ku yi haƙuri."

Mainasara ya jawo takalmansa ya sa. Bai taɓa ruwan ba. Ya taka zuwa bakin titi ya tsai da motar Sakkwato, ya sami Barista Bahijja a ofishinta kafin azahar, ya ce ta shigar da roƙon da sunansa shi kaɗai.